Katangar da Lauya ta Gina Tsakanina da Atsu

Litinin, ƙarfe goma na safe

Lauyarmu Metir Sename ta ce kada in rubuta komai a kan maganar nan, ko a waya ko a takarda, don duk abin da na rubuta ana iya karɓe shi a karanta a gaban alƙali. To ga ni ina rubutawa. In ban rubuta ba kaina zai fashe, kuma mutumin da na saba kai wa kuka shi ne aka hana ni gani.

Jiya Fo Elom ya kira ni ofis, ran Lahadi fa, ko kayan coci bai cire ba. Shi ne shugaban ƙungiyarmu, mutumin da ko gini na cin wuta sai ya ƙarasa shinkafarsa da wake kafin ya miƙe. Na same shi a tsaye. Ya ce lauyoyin wani kamfani sun aiko, wai manhajar da muka rubuta wa na'urarsu ta gwajin jini akwai sata a ciki, kuma a ɓangaren da na rubuta.

Na ce, "Sata kamar yaya, Fo? Ni da ban taɓa ganin ko layi ɗaya na rubutunsu ba?"

Ya ce, "Atsupi, ɗan'uwanki fa?"

Sai na nemi kujera.

Litinin, da yamma

Bari in jera abin yadda zan faɗa in ta kai ga kotu, ko bakina ya saba.

Kamfanin ya daina kula da tsofaffin na'urorinsa. Suna nan a ƙananan asibitoci daga unguwar Be a nan Lome har garin Kpalime, lafiyarsu ƙalau, amma manhajar da ke karanta sakamako ta mutu, an ce kowa ya sayi sabuwa. Mu muka ce za mu rubuta tamu, kyauta, da lasisin da ya ba kowa damar ɗauka, ya gyara, ya raba, muddin shi ma zai bar ta a buɗe. Don kada a ce mun kwafa, aka yi ɗakuna biyu. 'Yan ɗaki mai datti su ne ke tone na'urar, su rubuta bayanin yadda take aiki da kalmomi zalla. Metir ta duba bayanin, sannan ta miƙo mana, mu 'yan ɗaki mai tsabta, mu rubuta manhaja daga kanmu. Ba ma gaisawa da su a kan aiki. Ko shayi ba ma sha a tebur ɗaya.

An tambaye ni ranar da na shiga ko na taɓa yi wa kamfanin aiki. Na ce a'a, kuma gaskiya na faɗa. Ba wanda ya tambaye ni ko ina da abokin tagwaitaka, Atsu, da ya yi musu aiki a ofishinsu na Akara, ya sa hannu cewa ba zai fitar da sirrinsu ba har abada, sannan ya dawo Lome ya kama ɗaki a gidan uwarmu, ƙofarsa na kallon tawa.

In suka tabbatar ta bakinsa abin ya fito, Atsu za su kai kotu, ba ni ba. Metir ta ce ba maganar tara kaɗai ba ce. Ban tambaye ta sauran ba.

Laraba, da hantsi

Na kwaso kayana na dawo ɗakin wata ƙawata a unguwar Tokwan. Metir ta ce har yanzu dai babu gani, babu waya, babu saƙo ta bakin wani, har sai an gama. Ta ce duk minti ɗaya da muka yi tare, lauyoyinsu za su ce mun zauna mun daidaita baki.

Na ce, "Metir, a ciki ɗaya muka kwanta fa."

Ta ce, "Shi ya sa."

Matar nan ba ta da dariya ko ta sisin kwabo.

Alhamis, tsakar rana

Ga abin da suke riƙe da shi. Na'urar nan tana da wani hali: in ta jima ba a taɓa ta ba, sai ta yi shiru, ka aika mata gaisuwa ta share ka. Ni kuma na gano cewa in ka aika gaisuwar sau biyu a jere, sai ta farka. Sau ɗaya ba ta ji, sau uku ta rikice. Wannan ba ya cikin bayanin da 'yan ɗaki mai datti suka ba mu. Kamfanin ya ce tasu manhajar ma sau biyu take aikawa, kuma babu mai sanin haka sai wanda ya ga cikinta.

Ni na gano shi. A asibitin Be, da wata rana mai zafi, zufa na ɗiga a kan madannai, ina ta gwadawa har ma'aikaciyar jinya ta ce in tashi ta share wajen. Ni na gano shi da kaina.

Na faɗa wa Fo Elom haka. Na faɗa wa Metir haka. Na faɗa wa madubin banɗaki.

Juma'a, da safe

Ban ci komai ba. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi.

Asabar, da yamma

Dada, uwarmu, ta zo har Tokwan a bayan babur, tana riƙe da takalmanta a hannu saboda ruwan da ya cika layinmu. Ko zama ba ta yi ba.

"Wace ce wannan lauyar? 'Yar gidan wa? Ita ta haife ku?"

Na ce, "Dada, doka ce."

"Doka! Sati mai zuwa ne ranar cin waken 'yan biyu. Tun kuna rarrafe ban taɓa tsallake shi ba, ko shekarar da ubanku ya rasu. Kwano ɗaya, hannu biyu. Kina so in raba muku kwano, in jawo wa gidana abin da ba zan iya ɗauka ba?"

Na yi ƙoƙarin yi mata bayanin ɗaki mai tsabta. Ta saurara har ƙarshe, abin mamaki, sannan ta ce, "To ku da kuka yi karatu, ba ku san kunne ba shi da ƙofa ba? Yaron nan ko barci yake yi surutu yake."

Ta faɗa ne don ta wanke mu. Da ta san inda maganar ta sauka a cikina, da ba ta faɗa ba.

Na tambaye ta ko Atsu yana cin abinci. Ta ce an hana ta kai saƙo, ko ba haka lauyata ta ce ba? Ta juya ta tafi. Da ta kai ƙofa ta ce, "Ya rame."

Lahadi, bayan coci

Ban ji ko kalma ɗaya ta wa'azi ba. Ina ta tono wata rana ɗaya a bara, muna zaune a tsakar gida, Atsu yana gyara fankar Dada, ni kuma ina ƙorafin na'urar ta ƙi amsa mini. Ya faɗi wani abu ya yi dariya. Na san ya yi dariya, don har sukudireba ta faɗi daga hannunsa.

Me ya ce?

Ba zan rubuta abin da nake zaton ya ce ba. Ban ma tabbata ya ce ba. Wataƙila yanzu nake ƙirƙirarsa don tsoro. Kuma ban san ko ranar nan kafin zuwana asibitin Be ce ko bayansa.

Litinin, ƙarfe tara

Fo Elom ya cire mini izinin shiga rumbun manhajar. Ya ce na ɗan lokaci ne. Ya kasa kallon idona, yana ta goge gilashinsa da bakin riga.

A zauren tattaunawar ƙungiya, mutanen da ban taɓa gani ba suna ta yanke mini hukunci. Wani daga Turai ya rubuta cewa ya kamata a goge duk abin da na taɓa, a sake daga farko, don kada dattina ya shafi kowa. Dattina! Mutumin da gudummawarsa gaba ɗaya ita ce gyara launin tambarinmu. Na rubuta masa amsa mai zafi, na karanta, na ji daɗi, na goge.

Amma in an goge aikina ma, Atsu bai tsira ba. Na tambayi Metir. Ta ce gogewa tana iya zama kamar amsa laifi.

Talata, da la'asar

Na ga Atsu. A shataletale, yana bayan babur, ni ina tsallaka titi. Rigar nan tasa mai ruwan ƙasa da nake cewa ya ba mai gadi. Ya gan ni. Ya ɗaga hannu rabi, sai ya mayar da shi ya sosa kai, kamar dama abin da ya yi niyya ke nan.

Na tsaya a tsakiyar titi har wani direba ya zage ni da uwata.

Laraba

Tsoro. Ba wani labari.

Juma'a, da yamma

Dada ta fi ƙarfin kowa. Da kanta ta je ofishin Metir, ta zauna a ɗakin jira da zaninta na zuwa biki, ta ce ba za ta tashi ba sai an gaya mata ko doka ta hana kwano tafiya. Metir ta kira ni tana cewa, "Mahaifiyarki na tambaya ko kwano saƙo ne." Na rantse na ji kamar murya mai son yin dariya. Ta ce muddin babu takarda a ciki, babu magana a bakin mai kawowa, ita ba ta ga komai ba.

Da rana ɗan acaba ya kawo shi a ɗaure cikin ɗankwali. Wake da manja da garin rogo, a kwanon nan mai tsaga a baki. An ci rabi daidai, an bar gefena a shafe sumul. Soyayyar ayaba kuwa duk ya bar mini, shi da muke kokawa a kanta tun muna yara, yana cewa shi ya fara fitowa duniya, ni ina cewa ai ni na aiko shi ya duba mini hanya.

Na ci ina kuka, majina da manja. Ɗan acaban na tsaye yana jiran kwano, ya juya baya yana danna waya, Allah ya yi masa albarka.

Litinin, tsakar rana

Metir ta zo da hanya, kuma ban san ko in gode mata ba.

Kamfanin ya yarda a sasanta ba tare da shari'a ba, in wani ƙwararre da ɓangarorin biyu suka amince da shi ya duba. Za a ajiye rubutunsu da nawa gefe da gefe a ɗaki a rufe. Sharaɗinsu shi ne wadda ta rubuta ta zauna a wajen, ta amsa tambaya a kan kowane wuri da ya yi kama. In ƙwararren ya ce babu kwafa, sun janye daga kan Atsu.

Na ce, "To mu je mana! Yaushe?"

Ta ce, "Zauna tukuna. Kin fahimci abin da na ce? Za ki ga rubutunsu da idonki."

Sai a lokacin ya shige ni. Wanda ya ga rubutunsu ya zama ɗan ɗaki mai datti, kuma babu wankan da ke mayar da shi. Ko an wanke ni tas, ba zan sake taɓa manhajar nan ba. Ba gyara, ba shawara, ko in ce wa wani duba layi kaza. Har abada, ko har kamfanin ya mutu, kuma irinsu ba sa mutuwa.

Na ce, "In na ƙi fa?"

"Sai kotu. Kina iya ci gaba da aikinki kafin a yanke. Shi kuma ɗan'uwanki ya tsaya gaban alƙali, a tambaye shi duk abin da ya taɓa faɗa a tsakar gidanku."

Na ce ta ba ni lokaci. Ƙarya nake, ba lokaci nake nema ba. Abin da nake tsoro daban ne, kuma ba zan iya gaya mata ba: in na duba na ga hannuna a cikin nasa fa?

Talata, da safe

Lauyan Atsu ya gaya wa Metir, Metir ta gaya mini, don ta wannan hanyar kaɗai aka yarda magana ta bi: wai Atsu ya ce kada in duba. Wai zai iya da kotu.

Zai iya da kotu! Mutumin da ɗan sandan hanya ya tsayar da shi ya fara ba shi haƙuri kafin a gaya masa laifinsa. Na ce wa Metir ta gaya wa lauyansa ya gaya masa ya rufe mini baki, ba shi ne babba ba.

Ta ce, "In faɗa haka?"

Na ce, "Kalma da kalma."

Laraba, da yamma

Gobe ne. Na je asibitin Be ba tare da wani dalili ba. Na'urar na aiki, wata mata na zaune da jaririnta suna jiran sakamako, takarda ta fito, aka kira sunanta. Ba wanda ya san ni sai ma'aikaciyar jinyar nan, ta ce, "Atsupi, yau ba ki zo da kwamfuta ba?" Na ce wucewa nake.

Na dawo ina rubutu, layi na hawa kan layi. Dubi rubutun nan.

Alhamis, da la'asar

An gama. Bari in rubuta a hankali.

Ɗaki ne mai sanyin tsiya a wani otal kusa da teku. An karɓe wayoyinmu. Ƙwararren dattijo ne daga Kotono, mai tari, da alewar tari a aljihu. Lauyan kamfanin yaro ne ɗan gayu daga Abijan. Atsu na can ƙarshen tebur kusa da lauyansa, ya rame da gaske, wuyan riga na yawo. Ban kalle shi sau biyu ba.

Dattijon ya ce, "Madam, kin san abin da buɗe wannan ke nufi a gare ki?" Na ce na sani. Ya juyo da allon.

Wayyo. Ko ba a faɗa ba na san rubutun Atsu ne, kamar yadda zan gane tafiyarsa daga nesa. Dogayen sunaye, komai a cakuɗe, ga bayani a kan abin da ba ya buƙatar bayani. Muka bi wuri bayan wuri. Wannan me ya sa kika yi haka, wancan daga ina. Na amsa. 

Sai muka iso wajen gaisuwar. Lauyan Abijan ya gyara zama. Na karanta layukan. Na sake karantawa. A sama Atsu ya rubuta bayani da hannunsa: a aika gaisuwa sau ɗaya, a jira amsa. A ƙasa kuma ya yi kuskuren ƙidaya, irin na 'yan aji ɗaya, abin ya zagaya ya aika sau biyu.

Ban san lokacin da na ce, "Kai, Atsu! Wannan ai shirme ne!" ba.

Metir ta taka mini ƙafa. Dattijon ya ce in yi bayani, na yi. Ya matso da gilashinsa, ya bi layin da yatsa, ya yi tari. Sannan ya rufe allon ya juya ga Atsu, wanda ba ya ganin komai daga inda yake.

"Malam, ɓangaren nan da ka rubuta, sau nawa yake aika gaisuwa?"

Atsu ya ce, "Sau ɗaya, ranka ya daɗe."

"Ka tabbata?"

"Ni na rubuta shi. Sau ɗaya ne." Har da ɗan fushinsa.

Babban sirrin kamfani ke nan. Kuskure ne da ya yi aiki, ba wanda ya taɓa lura, har mai shi. Dattijon ya ce wa lauyan Abijan, mutum ba ya fitar da sirrin da bai san da shi ba. Yaron ya nemi a ba shi wayarsa ya fita waje.

Ni kuwa ina zaune ina jin wani abu na sauka daga ƙirjina. Ni na gano shi. Da gaske ni na gano shi. Duk abin da ya faɗa ranar fanka, ba wannan ba ne. A tsabtace nake tun farko, har zuwa safiyar yau da na zo na tabbatar.

A bakin otal Atsu ya ce, "Shirme ko? A gaban mutane?" Na ce, "Ka koma makaranta." Sai ya rungume ni, duk ƙashi.

Talata, da hantsi

Sun janye a rubuce. Aikina zai zauna a manhajar da sunana a kai. Fo Elom ya miƙa ɓangarena ga wata yarinya a Kigali, Ingabire. Ya ce za a yi mini walima. Na ce ya riƙe walimarsa.

Na koma gida. Dada ta sa an wanke mini labule.

Asabar, da yamma

Yau asibitin Kpalime suka aiko cewa na'urarsu na tsayawa a tsakiyar gwaji in wuta ta ɗauke ta dawo. Ingabire ta sa tambaya a zaure, a buɗe, tana neman duk mai shawara. Yarinyar tana da kai, amma ta nufi wata hanya da za ta cinye mata wata guda, kuma kafin nan mutanen Kpalime sai sun riƙa hawa mota da jininsu a kwalba.

Na san amsar. Na gan ta ran Alhamis ɗin nan a otal, a shafin da ke bin na gaisuwa, ban ma yi niyyar karantawa ba. Layi biyu ne.

Na ɗora yatsuna a kan madannai. Na ɗauke. Na sake ɗorawa. Gumi ya karyo mini, irin na makonnin nan, don na ga yadda abin yake da sauƙi, kuma na san in na rubuta, duk asibitocin nan ne za a ƙwace wa manhajar, a dawo kan Atsu, a haɗa da ni.

Atsu na zaune a bakin ƙofa yana yanke farce. Ya dubi allon, ya dube ni.

Ya ce, "Kin san amsar ko?"

Na janye hannuna daga madannai.

Ya ce, "Haka na yi shekara biyu. Kina zaune a nan kina zagin na'urar, kina cin goro kamar tsohuwa, ni kuma abin na kan harshena."

Na ce, "Yaya kake yi?"

"Tashi nake in ce zan sayo burodi. Ba ki taɓa tambayar me ya sa kullum gidan nan cike yake da burodi ba?"

Ban taɓa tambaya ba. Na ɗauka ci ne ya yi masa yawa, har tsokanarsa nake yi.

Na rufe kwamfutar. Ya miƙo mini takalmana, muka fita sayo burodi.